Herdis da Makullin Makarantar Tangvig

Ranar Asabar da ta wuce muka kai Herdis Bundgaard makwancinta, a maƙabartar cocin Tangvig, ta gefen katangar da ke tare iskar teku. Shekara sittin muna tare, tun ranar da aka zaunar da mu a benci ɗaya a aji ɗaya, ta dube ni ta ce in share hancina kafin malama ta gani. Sunana Gunver. Ni ba mai rubutu ba ce. Aji tara na yi na fita na shiga masana'antar kifi, hannuna ya fi sabawa da wuƙa a kan alƙalami. Amma fastonmu, yarinya mai kirki da ba ta daɗe da zuwa ba, ta yi minti goma tana maganar Herdis, duk abin da ta faɗa gaskiya ne, sai dai na kasa kunne har ta gama ban ji ƙawata a ciki ba. Shi ya sa na zauna da takarda.

Herdis gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta jajaye kullum saboda ruwan sanyi. Shekara ashirin da shida muna tsaye muna gyaran kifi, tana hagu ina dama, ban taɓa gama kwandona kafin ta gama nata ba. Ta auri Orla, masunci mai yawan dariya, ta haifa masa maza biyu. Wata safiya zuciyarsa ta tsaya yana kan jirgi yana jan taru, abokan aikinsa suka dawo mata da shi. Yaran suka girma suka bi aiki, ɗaya birnin Aarhus ɗaya ƙasar Norway. Masana'antar ma aka rufe ta. Aka bar Herdis da gida mai ɗaki huɗu, da lambun dankali, da ƙarfin da ba ta san inda za ta kai shi ba.

Ana cikin haka ƙaramar hukuma ta rufe makarantar garinmu, wadda ni da ita muka yi, ta ce yara su riƙa bin bas zuwa cikin gari, tafiyar awa guda. Muka taru a zauren taro, aka sha gahawa tulu uku, aka ce tunda doka ta yarda iyaye su buɗe tasu makarantar, kamar yadda kakanninmu suka saba a wannan yanki na Jutland, to mu ma za mu buɗe. Aka sayi tsohon ginin. Gwamnati tana taimaka wa irin waɗannan makarantu, amma da sharuɗɗa, biyu daga ciki kuwa har yaran goye sun san su. Na farko, ranar biyar ga Satumba kowace shekara ana ƙirga ɗalibai, kada su gaza talatin da biyu. Na biyu, iyaye su zaɓi wani malami daga waje, mai takardar shaida, ya riƙa zuwa yana zama a ajujuwa yana duba yadda ake koyar da harshenmu da lissafi da Turanci, ya rubuta rahoto a sa a shafin makaranta na intanet kowa ya gani. Mu mai duba muke ce masa. In makaranta ta faɗi ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan gwamnati ta janye hannunta, kuma ƙauye irin namu ba zai iya riƙe makaranta shi kaɗai ba.

Herdis ba ta da ɗa ko jika a cikin ɗaliban, amma ita aka ba makulli, don ita ce ta fara zuwa da bokiti ranar da aka buɗe ginin, kuma tun daga ranar ba ta fasa ba. Ƙarfe shida take buɗewa ta kunna ɗumi, ta share, ta goge. In yaro na bikin ranar haihuwarsa ita ke ɗaga masa tuta. Ran Juma'a ta gasa burodi ƙanana masu zabibi, ƙamshin ya cika har ajin lissafi. In an taru waƙar safe, yara da malamai da duk iyayen da ba su yi sauri ba, tana can baya jikin ƙofa da tsintsiya a hannu, tana rerawa da muryar nan tata da ba ta taɓa dacewa da ta kowa ba.

Ƙirga kuwa ta zame mata ciwo. A barandar da yara ke cire takalman roba su rataye riguna, kowane yaro da ƙugiyarsa da sunansa a sama, kullum sai ta bi su da yatsa tana motsa baki. Takan san mace na da ciki a Tangvig kafin uwar mijin ta sani. In ta haɗu da sababbin ma'aurata a kanti sai ta ce musu su riƙa kashe talabijin da wuri, makaranta na jiran su. In ta ga baƙuwar mota a ƙofar gidan da aka sa a kasuwa, kafin mutanen su gama duba rufi ta iso da burodi a kwando tana leƙen kujerar baya ko akwai ta yara.

Shekara biyar tana wannan aiki ba a ba ta ko sisi, ba ta kuma nema ba. Sai wata rana a lokacin kaka Herdis ta hau tsani tana kwashe ganye daga indararo, ta zamo ta karya hannu. Kwamitin makaranta suka tsorata, suka ce dole a sa sunanta cikin ma'aikata, awa takwas a mako, don inshora ta san da ita. Ta yi ta faɗa, ta ce ita ba haya take ba, daga baya ta sa hannu da hagu don a ƙyale ta. Ta ci gaba da yin awa arba'in ɗinta. Mu duka muka manta da takardar nan.

Mai duban da iyaye suka zaɓa sunansa Ejvind Toft, tsohon malami daga cikin gari da ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Dogo ne siriri, da kwat ruwan ƙasa da jakar fata da ta tsufa tare da shi. Ba ya tuƙi. Bas ɗin da ke kawo shi ƙarfe bakwai da minti ashirin yake isowa, lokacin ba kowa a makarantar sai Herdis, don haka yakan zauna a kicin ya jira ƙarfe takwas. Mutum ne mai tsanani a aikinsa. Ya taɓa rubuta cewa Turancin aji shida bai kai ba, shugaban makaranta Troels ya yi wata guda yana gaishe shi da ka kawai. In abu ya burge Ejvind matuƙa, iyakar abin da zai ce shi ne, ba laifi. Ran da ya fara cin burodin Herdis haka ya ce, ita kuwa ta zo gidana tana huci wai wani dogon banza ya raina mata burodi.

Doka yini ɗaya a shekara ta nema a wurinsa. Ya fara zuwa sau biyu, ya koma sau huɗu, daga baya ya zama duk Alhamis ɗin farkon wata. Wata rana na leƙa kicin na same shi ya naɗe hannun riga yana ɗauraye kofuna. Da ya tafi aji na ce mata, “Ke Herdis, wannan mutumin lissafin yara yake dubawa ko burodinki?”

“Rufe min baki, tsohuwar kawai. Mutum ne mai son aikinsa.”

“Aikin nasa har da wanke-wanke?”

Ta jefe ni da tsumma, amma kunnuwanta sun yi ja kamar na yarinya. Shekara ashirin rabon da in ga haka.

Yadda ta ba ni labari, bai taɓa cewa yana son ta ba. Cewa ya yi bas ɗin safe akwai sanyi, gidansa kuma ya yi masa yawa. Ita kuma ta ce tana da ɗakuna, amma ba ta ajiye 'yan haya. Ya ce to ai akwai wata hanyar. A watan Mayu aka ɗaura musu aure, tana da shekara sittin yana da sittin da takwas. Da yammacin jajibiri muka kewaye ƙofar gidanta da ɗanyun rassa da furanni kamar yadda ake yi, da safe kuma makarantar gaba ɗaya, yara talatin da shida kowa da 'yar tutarsa, suka tsaya ƙarƙashin taga suka tashe su da waƙa. Suka fito tare, ita da rigar barci da suwaita a sama, shi gashinsa a tsaye. Ni na ɗauki hoton. Ni kuma na kai wa Troels na ce ya sa a shafin makaranta, duniya ta ga irin garin da muke da shi. Ya sa, ya rubuta a ƙasa: mai dubanmu ya auri Herdis ɗinmu. Hoton ya zauna a nan shekara biyu, dab da rahoton Ejvind.

Shekara biyun nan ina so a sani ta ji daɗinsu. Ta yi ƙiba. Ta koyi wasan dara irin na Ejvind tana cinye shi tana yi masa dariya. Ya karanta mata littattafai tana ɓare wake, in ta yi gyangyaɗi ya ci gaba da karatunsa kamar ba abin da ya faru. Duk wanda zai tuna ta da ƙarshenta, ya tuna da wannan ma.

A watan Fabrairu saƙo ya zo daga hukumar da ke kula da makarantu a babban birni. Wani ma'aikacinsu yana bin shafukan makarantu ɗaya bayan ɗaya, ya ga rahoto, ya ga hoto, ya duba jerin ma'aikata ya ga sunan Herdis. A ƙarƙashin sharaɗin mai duba akwai layi uku da dukanmu muka taɓa sa hannu a kansu: ba zai kasance miji ko mata ko ɗan'uwa na kusa ga wani ma'aikacin makarantar ba. Saƙon ya ce saboda haka rahotannin shekara biyun nan kamar babu su ne, makarantar ta yi shekara biyu ba mai duba ta, kuma hukuma za ta sa mata ido da kanta har sai ta gamsu.

Troels ya karanta mana a kicin, don nan ne ya same mu. Ejvind ya zauna a kan kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ya ce ya san layukan nan kamar sunansa, shi da kansa ya sha karanta wa iyaye su a wasu makarantu. Malamai yake tunani, da 'yan kwamiti. “Herdis kuwa,” in ji shi, “ban taɓa kawo wa raina an ɗauke ta aiki ba ne. Na ɗauka tana nan ne kawai, kamar yadda bango yake nan.” A ranar ya ajiye aikin. Herdis ta ɗauki bokiti ta tafi ta goge baranda da ta riga ta goge.

A watan Afrilu mutanen hukuma biyu suka zo, suka yi kwana uku. Ba zan yi musu ƙarya ba, mutanen kirki ne. Macen da ke jagoranta sa'ar 'yata ce, ta cire takalmi a ƙofa ba a ce mata ba, ta tsaya waƙar safe, ta ci burodi ta yaba. Suka zauna a ɗakin karatu suna kiran mutane ɗaya-ɗaya. Herdis ta ce in raka ta, tunda an yarda mutum ya shiga da wani nasa. Ta sa suwaitarta ta zuwa coci.

Matar ta yi mata tambayoyi tana bugawa a kwamfuta: yaushe ta fara aiki, yaushe aka ɗaura aure, ko Ejvind ya taɓa nuna mata rahoto kafin ya miƙa. Herdis ta amsa duka. Sannan ta tambaya ko in ta ajiye aikin yau abin zai gyaru. Matar ta ce zai gyara gaba, amma ba zai gyara baya ba. Herdis ta dubi hannuwanta, ta ce:

“To in auren ne, in muka je muka raba shi fa? In na sa hannu gobe, takardun shekara biyun za su tsaya?”

Matar ta ɗauke hannu daga kwamfutar. Ta ce a'a, ko hakan ba zai taɓa abin da ya wuce ba. Sai ta rage murya ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan yana shiga rubutu, kuma duk wanda maganar ta shafa za a aika masa ya gani. Ko Herdis tana so a ɗauka tambayar nan hira ce kawai?

“Rubuta,” in ji Herdis. “Ba na faɗin abin da zan ji kunyar a rubuta.”

Da muka fito na ja ta bayan rumfar kekuna na ce mata ko ta haukace ne, mutumin da ya bar gidansa ya zo ya zauna da ita shi za ta ɗora a teburi kamar kifi. Ta ce Ejvind babba ne, yana da littattafansa, ba zai mutu ba. Amma 'yan shekara shida fa, a sa su a bas cikin duhun hunturu awa guda zuwa awa guda dawowa, saboda wata tsohuwa ta ga namiji ta rikice? Na ce ba ita ta yi laifin ba, dukanmu ne, ni ma da na ɗauki hoto. Ta ce, “Ke hoto kika ɗauka, Gunver. Ni na yi auren.”

Bayan mako uku rubutun ya iso wa Ejvind. Ba na nan, ita ta gaya min. A teburin kicinta ya karanta, tana tsaye tana fere dankali ta ba shi baya. Ta ji lokacin da ya kai wurin, don ya daina juya takarda. Ya karanta har ƙarshe, ya ninke, ya sa tabarau a gidansa, ya ce ana sa ran ruwa gobe, bari ya je lambu ya ɗaure wake. Ita kuma ta ci gaba da fere dankalinta. Da mako ya zagayo ya ce rufin gidansa na cikin gari, inda 'yarsa ke zaune, yana yoyo, zai je ya kwana biyu ya duba. Ya ɗauki jakar fatarsa da ƙaramin akwati. Ta yi masa guzurin baƙin burodi da cuku, ta raka shi har tasha.

Ita ba ta tsaya kuka ba, don wata masifar ta taso. Jaridar yankinmu ta buga cewa hukuma ta sa wa makarantar Tangvig ido, ba ta yi ƙarya ba, amma wanda ya karanta kanun labarin kawai sai ya ɗauka wani mugun abu ake yi wa yara. Iyayen cikin Tangvig ba su motsa ba. Waɗanda ke kawo yaransu da mota daga ƙauyukan kewaye su ne suka fara janyewa, gida uku, yara shida. Daga talatin da shida muka koma talatin, kuma biyar ga Satumba saura wata uku.

Duk bazarar nan a kan keke Herdis ta yi ta. Ta ajiye aikin a takarda, amma makulli yana aljihunta. Kullum ta gasa burodi ta sa a kwando ta hau, kilomita goma sha biyar, ashirin, iska na tura ta baya. Ba ta iya roƙo ba, sai ta tsaya a ƙofar mutane ta ce ta zo ne su ji daga bakinta cewa malamai ba su yi komai ba, ita ce. Wata uwa ta karɓi burodin tana hawaye ta ce ba don ita ba ne, sun riga sun yi wa yaran rajista a gari. Gida ɗaya suka saurare ta suka dawo da 'yarsu. Na raka ta sau biyu, na uku gwiwata ta ƙi.

Ranar biyar ga Satumba na je makarantar da sassafe don kada ta kasance ita kaɗai. Bayan yara sun shiga waƙar safe, ta bi ƙugiyoyin baranda da yatsa tun daga ƙofa har taga. Talatin da ɗaya. Ta dawo daga taga zuwa ƙofa. Ta sake komawa. A ciki suna rera waƙar girbi, ita tana tsaye da yatsa a kan ƙugiyar da ba riga. Na kama hannunta na sauke shi.

Kwamiti suka rubuta suna neman a yi mana sassauci na shekara ɗaya, tunda yaro ɗaya ne tak. Aka amsa cewa ba a sassauta wa makarantar da ake kan bincikenta. A watan Nuwamba sakamakon binciken ya fito, shafi goma sha tara, ya ce koyarwa a Tangvig tana da kyau, kuma duk abin da Ejvind ya rubuta a rahotanninsa haka suka same shi, har da raunin Turancin. Troels ya manna shi a ƙofa. Bai canza ƙirga ba. Muka ja har ƙarshen Yuni da abin da ya rage, aka yi waƙar safe ta ƙarshe, aka rufe.

Ba wanda ya taɓa ce wa Herdis ke kika jawo. Da ma wani ya faɗa, da ta sami wanda za ta yi wa faɗa ta huce. Mu nan ba haka muke ba. Mutane suka ci gaba da gaishe ta suna yi mata maganar iska da farashin mai, ita kuma tana jin abin da ba su faɗa ba, ko da ba ya ransu. Ta koma zuwa kanti lokacin da ba kowa. Tagar kicinta tana kallon tasha, kuma kowace safiya ƙarfe bakwai saura tana tsaye a nan da kofi a hannu tana kallon yaran suna hawa bas da fitilu a goshi, bakinta yana motsi.

Ejvind bai dawo da zama ba, bai kuma sake ta ba. Alhamis ɗin farkon kowane wata sai ya sauka daga bas ɗin bakwai da minti ashirin, ya shiga kicinta, su sha gahawa, ya gyara ƙofa ko famfo, su yi dara, ya bi bas ɗin yamma. Shekara uku haka. Na yi mata magana har bakina ya gaji. Na ce ta ba shi haƙuri, ta ce ya sani. Na ce ta ce masa ya kwana, ta ce ya san inda gado yake, kuma macen da ta miƙa mijinta a musanya da takarda ba ta da bakin kiran sa. Sau ɗaya na same shi shi kaɗai a tasha, na shirya abin da zan faɗa tun daga nesa, da na iso sai na ji ina tambayarsa ko yana ganin za a yi ƙanƙara. Wannan yana cikin abin da nake kwana da shi.

A hunturun bana aka gano ciwo a cikinta, kuma an gano shi a makare. Ta ƙi zaman asibiti. Ran da Ejvind ya ji, ba Alhamis ba ce, ya zo da ƙaramin akwatin nan ya ajiye a bayan ƙofa, ya yi mako ukun ƙarshe a kujera kusa da gadonta yana karanta mata. Amma lokacin magani ya riga ya yi mata nauyi, tana farkawa tana komawa. Maganarta ta ƙarshe da ni, ta tambaye ni yara nawa ke hawa bas yanzu. Na ce goma sha tara. Ta ce in sa ido a kan matar sabon makanike, tafiyarta ta canza. Na yi dariya, ita ma ta ɗan yi.

Ranar jana'iza duk gidan da ke da sandar tuta ya sauke tutarsa rabi, kamar yadda ake yi har a binne mamaci sannan a ɗaga ta sama. Tsohuwar makarantar yanzu wani ne ke ajiye kwalekwale a ciki, amma sandar tana nan. Da na wuce da safe na ga tuta a rabinta. Ejvind ne. Ya sami makullin rumfa a aljihun kwat ɗin Herdis, ya sami tutar a ninke a inda ta bar ta.

Bayan an binne ta an sha gahawa a zaure, ya zo ya ce in raka shi ya ɗaga, igiyar ta yi tauri, hannu biyu ba za su iya ba. Muka ja tare har ta kai sama. Ya ɗaure igiyar, ya tsaya bai sake ta ba. Ni kuma abin da na kasa faɗa shekara uku ya fito da kansa. Na ce masa maganar nan da ta yi wa matar hukuma ba don ba ta son sa ta yi ba, kuma ta mutu tana ganin bai yafe mata ba.

Ya juyo ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

“Yafe mata me?” in ji shi. “Ni ne na san doka, Gunver. Ni na jawo musu. Sai ga shi a takarda ita ce take neman biya, da iyakar abin da take da shi. Da ni ta tambaya, da na riga ta sa hannu a raba auren, in ci gaba da zuwa ran Alhamis. Kunya ce ta kore ni. Na kasa zama ina cin abincinta tana kallona.”

Na ce, “To me ya hana ka gaya mata?”

Ya daɗe yana kallon igiyar. Ya ce, “Na ɗauka ta sani.”

Na raka shi tasha, ya bi bas ɗin yamma da akwatinsa. Na dawo gida na ciro hoton nan daga aljihun tebur, inda na kife shi tun ran da saƙon hukuma ya zo. Yara talatin da shida, na ƙirga su, da ita a tsakiya da suwaita a kan rigar barci, tana riƙe da hannun rigarsa da yatsu biyu don kada a gani. Na jingina shi a taga.

Herdis, ƙawata, bai yi fushi da ke ba. Ba wanda ya yi. Da na buɗe baki a tasha ran nan da kin ji da kunnenki. Matar makaniken kuwa gaskiyarki ne, a watan Agusta za ta haihu.